Kaskon da Na Saya a Azru

A ofishin Yaya Murtala da ke unguwar Deira a Dubai akwai wani hoto a bango, daidai saman kujerarsa. Baba Sidi ne a ciki da farar babbar riga, yana zaune a bakin ƙofar zawiyar Shehu a birnin Fas, Yaya Murtala ya dafa kafaɗarsa yana murmushi. Duk ɗan kasuwar Kano da ya shigo maganar kago, wato jigilar kaya, sai ya ɗaga kai ya ce, "Masha Allah, Alhaji, ka kai tsoho ziyara. Allah ya ba mu 'ya'ya irinka." Shi kuma ya shafa gemu ya ce ai wajibi ne. Ni na ɗauki hoton nan da hannuna, kuma saboda shi na daina taka ofishin.

Sunana Nafi'u. Direban babbar mota ne ni a wani kamfanin ajiyar kaya a Jebel Ali, ina kwana a Hor Al Anz, mu shida a ɗaki ɗaya, gado bisa gado. Baba Sidi yayan mahaifina ne, shi ya riƙe ni tun ina ɗan shekara bakwai da babana ya rasu. Yaya Murtala kuwa babban ɗansa ne. Shi ya yi min hanyar Dubai, kuma bai taɓa bari na manta ba.

Tun ina yaro, in Baba ya idar da wazifa ya naɗe carbinsa, da magana ɗaya yake rufewa: "Allah ya kai mu Fas." Ya yi aikin hajji, ya aurar da 'ya'yansa, bai da wani buri da ya rage masa a duniya sai ya ga zawiyar Shehunsa da idonsa. Da Yaya ya kawo shi Dubai asibiti saboda ciwon ƙirji, aka yi magani ya samu sauƙi, abu ɗaya likita ya jaddada mana: a kiyaye shi da sanyi.

Kwana biyu bayan haka Yaya ya kira ni ofis.

"Habibi, ka ɗauki hutunka. Za mu kai Baba Fas."

"Yaya, hutun nan na tara shi ne in je Kano. Ban ga 'yata ba tun da aka haife ta."

"Yarinya ba guduwa za ta yi ba. Baba kuwa ka san shekarunsa. Halas."

Da wannan ya ɗaure ni, kuma ya san ya ɗaure ni. Sai daga baya ya fito min da sauran shirin. Wasu Larabawa abokan cinikinsa sun je Maroko da karfan, wato irin motar nan da aka yi wa ɗaki a ciki, da gado da kicin da banɗaki, sun dawo suna nuna masa bidiyo. Shi ma sai ya yi. Ba don ina ƙaninsa ya neme ni ba, don ina da lasisin tuƙa manyan motoci ne. Na ce masa lokacin sanyi ne fa. Ya yi dariya ya ce, "Afirka ce, Nafi'u. Wane sanyi za a nuna wa mutumin Kano?"

Inna, matar Baba, ta kira ni daga Kano ana gobe za mu tashi. Ba ta faɗin sunan Yaya, ɗan fari ne. Ta ce, "Yayan nan naka na san halinsa. Kai na ba wa amanar tsohon nan. Ka kai shi inda yake so, ka dawo min da shi." Na ce in sha Allahu, Inna.

A Kasabalanka muka karɓi motar. A hoton da aka turo wa Yaya fara ce fes, sabuwa. Wadda muka tarar ta tsufa, ƙofar banɗakinta da igiya aka ɗaure, cikinta na warin danshi. Mai hayar wani gajere ne da baƙar rigar fata, bakinsa ba ya hutawa. Larabcin da nake taƙama da shi a Dubai bai yi min amfanin komai ba, in na faɗi kalma uku sai ya mayar min da ashirin, rabi Faransanci. Na nuna masa hita, na'urar ɗumama ɗakin, na ce ya kunna. Ya danna, fanka ta yi ƙara, ya ɗaga babban yatsa ya ce ba matsala. Na sa hannu a bakin hitar, iska ce mai sanyi.

"Yaya, mu jira ta yi zafi tukuna."

"Yalla, Nafi'u, kai komai sai ka yi bincike kamar ɗan kwastan. Mutumin ya ce tana yi."

Baba dai ya hau yana duba ko'ina, yana taɓa labule, yana buɗe durowa. Ya ce, "Ikon Allah, gida mai taya." Ya zauna ya ɗora jakarsa a cinya. Na san abin da ke cikinta: farar babbar riga da bai taɓa sawa ba, da kwalbar turare, da wata takarda da ya rubuta da ajami, sunayen mutanen da zai yi wa addu'a in ya isa.

Da muka fito babbar hanya, allo ya nuna Fas a gefe ɗaya, Marrakesh a ɗaya gefen. Daga nan zuwa Fas bai fi tafiyar awa huɗu ba. Na kunna sigina. Yaya ya ce, "Bi Marrakesh."

"Fas na nan, Yaya."

"Na iya karatu. Za mu zagaya ne, mu ga ƙasa, mu ƙare a Fas. Ai ba a fara cin nama kafin tuwo."

Na kalli Baba ta madubi, ina jiran ya yi magana. Sai ya ce, "Duk yadda kuka yi daidai ne." Na kashe siginar, na juya kan motar kudu. Na sha tuna wannan mahaɗar. Sitiyari a hannuna yake, ba a hannun kowa ba.

A Marrakesh muka sauka a wani fili da masu irin motarmu ke yada zango. Duk tsofaffin Turawa ne da suka gudo wa sanyin ƙasashensu, kowa da kujerarsa a bakin mota yana shan hantsi. Da rana garin lafiya lau. Da asuba kuwa sai ka ji kamar an zuba maka ruwan randa a ƙashi. Hita ba ta yi ba, kuma ba ta taɓa yi ba har muka rabu da motar. Na kira mai hayar, ya ɗauka sau ɗaya ya ce ba matsala, daga nan wayarsa ba ta sake shiga ba. Na nemo makaniki, ya buɗe ya nuna min inda aka cire wani ƙarfe tun tuni, ya ce sai an aiko da shi daga wani gari, kwana uku. Yaya ya ce ba mu da kwana uku na zaman jiran ƙarfe.

Amma muna da kwana biyu na ɗaukar bidiyo. Na bi shi kasuwa riƙe da waya, ya sa an naɗa masa rawani shuɗi, ya tsaya kusa da masu wasa da macizai, ya hau keken doki. Kowane wuri sai ya maimaita gaisuwarsa ga jama'a sau uku sau huɗu, wai murmushin bai fito ba. In mun dawo sai mu tarar da Baba a zaune cikin mota da rigar sanyin da ya zo da ita daga Kano, ya cusa hannuwansa a hammata. Ya ce, "Gobe ne Fas ɗin?" Yaya ya ce, "Saura kaɗan, Baba."

Na samu Baba shi kaɗai na ce, "Baba, ku yi masa magana mana. Ku ne kaɗai zai ji."

"Bar shi, Nafi'u, yaro ne. Ya yi ƙoƙari da ya kawo mu."

Yaro mai furfura a gemu. Wallahi haƙurin Baba ya ba ni haushi kusan yadda son kan Yaya ya ba ni. Na fita na zagaya bayan mota na yi ta tsaki ni kaɗai.

Maƙwabtanmu a filin wasu tsofaffin Jamusawa ne, mata da miji. Matar doguwa ce mai farin gashi, ta ce aikin jinya ta yi kafin ta yi ritaya. Ta ji tarin Baba da safe, ta kawo masa bargo mai kauri da wata robar da ake cika wa ruwan zafi a rungume. Baba ya yi ta sa mata albarka da Hausa, tana amsawa da kai kamar tana ji. Mijin kuma ya shiga motarmu ya duba hitar, ya girgiza kai. Kafin ya fita ya nuna min wasu 'yan ramuka masu raga, biyu a ƙasa kusa da ƙofa, ɗaya a rufi. Ya ce min da Turanci ta nan motar take numfashi. Na gyaɗa kai, hankalina yana kan hita.

Daga Marrakesh muka ɗauki hanyar da ta bi gindin duwatsu zuwa arewa. In mota na tafiya ba matsala, hitar gaban direba tana aiki da inji, sai in zaunar da Baba kusa da ni in juya masa iskar a ƙafa. Yaya yana baya a kan gado yana tura hotuna. Bayan Beni Mallal muka tsaya wurin wata mata mai sayar da miyar nan tasu mai zafi da wake a ciki. Ta ga Baba yana rawar ɗari ta jawo masa kujera kusa da murhunta. Da ta ji kalmar Fas da ziyara, sai ta ajiye ludayi ta dafa ƙirjinta ta ce sunanta Hadija, ta ɗaga hannu sama alamar a yi mata addu'a. Baba ya ciro takardarsa, ya ari birona, ya ƙara sunanta a ƙasa. Ta ƙi karɓar komai a kan miyarsa.

Warin gawayin murhun nan ne ya kai ni gida. Na tuna lokacin sanyi a Kano, Inna tana hura kasko a tsakar gida, ta jira hayaƙin ya ƙare garwashin ya yi ja, sannan ta kai ɗakin Baba ta barbaɗa turaren wuta. Mu yara mu kewaye shi muna miƙa hannu, Baba yana jan carbi. Na zauna a bakin titin nan na ƙasar mutane ina tunanin 'yar da ban taɓa ɗauka ba, ga ni ina yawon nuna wa ƙato duwatsu. Miyar ma kasa ƙarasa ta na yi.

Rana ta biyar da hantsi muka shiga Azru. Tun daga nesa muka fara ganin fari a gefen hanya, kafin mu isa garin komai ya rufe da ƙanƙara, rufin gidaje, bishiyoyi, motoci. Yaya ya taso daga gado ya manne da gilashi. Ya ce in shiga filin zango. Na shiga, sai ga motar Jamusawan nan a can gefe, ashe hanya ɗaya muka biyo.

Na kashe mota, ba a yi minti goma ba sanyi ya cika ta. Baba ya fara tari irin wanda ya kai shi asibiti a Dubai. Na taɓa hannunsa, ba ɗumi ko kaɗan. Na jawo Yaya waje.

"Yaya, daga nan zuwa Fas awa ɗaya da rabi ne. Mu tafi yanzu. Mu kai shi masauki mai ɗumi, gobe ya yi ziyararsa, in ya so ni in dawo da kai nan ka yi ta hoto har ka gaji."

"Ka ga ƙanƙarar nan? Gobe narkewa za ta yi. Kwana ɗaya ne kawai, habibi. Akwai wani daji nan sama da birai a ciki."

"Likita ya ce a kiyaye shi da sanyi."

"Ka fi ni son ubana ne?"

"Ban ce ba. Amma ni zan tayar da mota."

Ya kalle ni sama da ƙasa. Ya miƙa hannu ta tagar direba ya zare makullin ya sa a aljihun rigarsa. Ya ce, "Da alama ka manta wanda ya kai ka Dubai." Ya juya ya tafi neman tasi da za ta kai shi dajin.

Ba makulli, ba inji. Ba inji, ba hitar gaba. Na tsaya cikin ƙanƙara ina kallonsa yana tafiya. Da na bi shi na murɗe hannunsa na ƙwace makullin, da yanzu wani labarin nake bayarwa. Amma yayana ne, a gidansu na tashi, ba a koya min haka ba. Sai na yi abin da aka koya min. Na gangara kasuwar garin na sayi kaskon ƙasa da ƙullin gawayi.

A waje na hura shi, yadda Inna take yi. Na yi ta fifita da kwali har hayaƙin ya ƙare ƙaf, garwashin ya yi ja. Na shimfiɗa duwatsu a ƙasan motar na ɗora shi a kai don kada ya ƙona leda. Baba ya miƙa hannuwansa duka biyu, fuskarsa ta saki, rabon da in ga haka tun Kasabalanka. Ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Yau ka kai ni ɗakina."

Sai na ji iska tana shigowa ta ramukan nan na ƙasa, daidai ƙafafunsa. Na tuna maganar Bajamushen, ban manta ba, kada in yi wa kaina ƙarya. Na ce a raina ai na ɗan lokaci ne, kuma gawayin ba hayaƙi. Na cire safa biyu daga jakata na cusa a ciki. Na hau kujera na toshe na rufin da tawul. Na ja labule. Motar ta yi ɗumi kamar ɗakin mai jego, na tsaya ina jin daɗin kaina, ina cewa ga abin da ɗan cikinsa ya kasa yi masa. Ɗakin Baba na Kano ƙofarsa asabari ce, tagarsa ba gilashi, iska tana shiga ta fita yadda ta ga dama. Wannan kuwa akwatin ƙarfe ne da aka bi kowace kafa da roba. Ni direba ne, na fi kowa sanin haka.

Yaya ya dawo da tasi, direban yana danna hon. Wai in zo in riƙe masa waya. Na ce ba zan bar Baba ba. Baba ya ce, "Je ka, kada ransa ya ƙara ɓaci. Na yi azahar, zan ɗan kishingiɗa." Na gyara masa bargo, na rufe ƙofa da kyau.

Awa ɗaya Yaya ya ce. Mun fi awa biyu a dajin. Ya tsaya a ƙarƙashin manyan bishiyoyi yana cewa, "Jama'a, ku duba ikon Allah, Afirka ce nan amma ƙanƙara," ya ce in goge in sake, hularsa ta karkace. Ya saya wa birai gyaɗa. Wani biri ya fizge ledar gaba ɗaya, ya ce in tabbata na ɗauka. Ni kuwa har na ɗan saki raina, don na san na bar Baba cikin ɗumi.

Da tasi ta shigo da mu filin, abin da na fara gani ƙofar motarmu ce a buɗe, da tagogi duka. Sai kaskon a kife cikin ƙanƙara, ya yi baƙin tabo kewaye da shi. Sai Baba a kwance a ƙasa kan bargo, Bajamushiyar ta durƙusa a kansa ta juya shi gefe. Ashe ta zo ne ta karɓi robar nan ta sake cika masa ruwan zafi. Ta ƙwanƙwasa ba a amsa ba, ta buɗe, ta ga kaskon, ta kira mijinta suka jawo shi waje. Sun riga sun kira motar asibiti.

Ba ta yi faɗa ba. Ta ɗago safata guda biyu da mijinta ya zaro daga ramukan, ta tambaya da Turanci wa ya yi wannan. Na ce ni ne. Ta dube ni kawai, ta mayar da kanta kan Baba. Na durƙusa na kama ƙafarsa ina kiran sunansa. Yana numfashi, amma bai san inda yake ba.

A ƙaramin asibitin garin suka sa masa iskar numfashi, suka ce sai an kai shi babban asibiti a Fas. Na ɗaga ƙafa zan shiga motar asibitin, Yaya ya tare ni. Ya ce, "Ni ne ɗansa." Ya ciro makullin daga aljihu ya jefo min, ya ce in biyo su da karfan. Na bi bayansu ina kallon fitilar motar tana juyawa. Na duba agogo da muka tashi, na duba da muka shiga Fas. Awa ɗaya da minti ashirin.

A barandar asibitin na ji Yaya yana waya da mutanen gida. "Nafi'u ne ya kunna masa gawayi a cikin mota, ya toshe ko'ina. Ni ba na nan ma." Ba ƙarya ya yi ba, shi ya sa maganar ta fi ciwo. Na jira ya kashe wayar.

"Ni na kunna, Yaya. Zan faɗa wa Inna da bakina. Amma ka faɗa musu a aljihun wa makulli yake?"

"Ka shiga hankalinka."

"Ka faɗa musu kwana nawa muka yi muna zagaye garin nan? Ka faɗa musu birai?"

"Ni kake wa magana haka?"

"Kai nake wa. Ka mayar da ni Kano in ka ga dama."

Tun da nake ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Wata ma'aikaciya ta leƙo ta sa yatsa a baki. Ya juya ya bar wurin, ni kuma na kira Inna na faɗa mata komai, har safar. Ta saurara har na gama. Sannan ta ce, "Ka jira garwashin ya yi ja kafin ka shigar?" Na ce na jira. Ta ce, "To, yadda ka ga ina yi ka yi." Ba ta ambaci amana ba, har yau kuma ba ta ambata ba. Da zagina ta yi da na fi samun sauƙi.

Rana ta uku Baba ya farfaɗo. Ya gane ni, ya gane Yaya, ya tambayi Inna. Na yi sujada a ƙasan ɗakin. Ya ce, "Ina ne nan?" Na ce, "Fas ne, Baba. Asibiti ne a Fas." Ya ce Alhamdu lillahi, idonsa ya kawo ruwa. Na fita na sayo masa shayi. Da na dawo ya karɓa ya kurɓa, ya ce, "Nafi'u, ina ne nan?" Likita ya yi mana bayani daga baya. Iskar gawayin ta taɓa ƙwaƙwalwa. Abin da ya sani tun da, yana nan. Sabon abu ne ba ya zama. Ya ce wataƙila ya dawo, wataƙila kuma a'a.

Ranar da aka sallame shi na yi masa wanka, na sa masa farar babbar rigar, na shafa masa turarensa. Mota ba ta shiga tsohon birnin Fas, lungunan sun yi ƙanƙanta, sai jakuna da masu tura baro. Ƙafafun Baba ba ƙarfi. Na durƙusa na goya shi, yadda ya sha goya ni zuwa asibitin unguwa ina yaro. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Yaya yana gaba yana tambayar hanya, muka yi ta gangarawa har muka iso ƙofar zawiyar.

A ciki mun tarar ana wazifa, an shimfiɗa farin ƙyalle, mutane daga ƙasashe daban-daban sun kewaye shi. Na zaunar da Baba a sahu na jingina shi da jikina. Leɓɓansa suka kama karatun nan take, bai tsallake kalma ɗaya ba. Na ce a raina ko Allah ya dawo mana da shi. Na raɗa masa, "Baba, kun iso. Zawiyar Shehu ce wannan." Ya ɗaga kai ya kalli adon bango da fitilu, ya ce, "Masallacin nan da kyau yake." Da aka shafa, ya naɗe carbinsa a hannu yadda ya saba, ya ce, "Allah ya kai mu Fas."

Na ciro takardar daga aljihunsa. Shi ya koya min ajami, don haka ni na karanta sunayen, ɗaya bayan ɗaya, yana cewa amin. Inna ce ta farko. Murtala na biyu. Ga sunan mahaifina, ga nawa, ga na 'yata da ni ban taɓa gani ba, ga maƙwabta da abokan kasuwa, har zuwa Hadija mai miya da rubutun ya karkace saboda rawar hannu. Na kai ƙarshe da ƙyar. Da muka fito na zaunar da shi a bakin ƙofa don in huta, sai Yaya ya miƙo min waya, ya matsa kusa da Baba ya dafa kafaɗarsa. Na ɗauka. Har yanzu ban san dalilin da ya sa na ɗauka ba.

Yaya bai mayar da ni Kano ba. Ina nan ina jan kwantena a Jebel Ali, in mun haɗu a masallacin Juma'a mu gaisa da hannu, kowa ya kama gabansa. Mutane suna cewa in yi haƙuri, ƙaddara ce. Na yarda ƙaddara ce. Amma na san wanda ya sa makulli a aljihu, na kuma san wanda ya cusa safa a rami, kuma ban yafe wa ko ɗaya daga cikinsu ba.

Duk ranar Lahadi in na dawo daga wanki, nakan zauna a kan gadona na sama in kira Kano. Baba yana can gida, Inna ce take riƙe masa wayar. Yakan tambaye ni aiki, ya tambaye ni ko ina cin abinci, sannan ya zo kan maganarsa. Da farko nakan ce masa ai mun je, Baba, har na taɓa tura hoton a nuna masa. Ya daɗe yana kallo, ya ga kansa da farar riga a wurin da bai san ya je ba, sai ya fashe da kuka. Inna ta ce kada in sake.

Jiya ma ya tambaya. Ya matso da fuskarsa kusa da wayar ya ce, "Nafi'u, kai da kake direba, yaushe za ka kai ni Fas?"

Na ce, "Sai sanyi ya wuce, Baba."

Ya ce, "To, Allah ya kai mu."